Rahoton kwamitin gyaran murhun banda kan aikin tire masu zamewa

Assalamu alaikum. Shugaba, Ma'aji, iyayenmu mata masu banda da sauran 'yan ƙungiya, muna gaisuwa.

A taron da aka yi bayan ƙaramar Sallah ne aka ɗora mana, mu biyar, alhakin gyara babban murhun banda da ke rumfarmu ta bakin kogi a nan Yawuri. Alhamdulillahi aiki ya kammala, an kuma yi banda a cikinsa sau huɗu kafin mu zauna rubuta wannan rahoto.

Kowa ya san yadda murhun yake a da. Ginin bulo ne, da ƙofar ƙarfe, a ciki kuma tire ne masu katako a gefe da ragar waya a ƙasa, ana jera su wani kan wani. Wannan salo daga Ghana ya samo asali, a unguwar masunta ta Chorkor da ke Accra, inda aka ƙirƙiro shi a 1969, kuma ba mu raina shi ba, domin yana rage cin itace ƙwarai. Matsalarsa ɗaya ce. Kifin ƙasa yana riga na sama gasuwa, don haka dole a riƙa sauya musu wuri, kuma ba a kaiwa ga tiren ƙasa sai an sauke duk na sama. Mutum biyu ne ke ɗagawa, fuska cikin hayaƙi, hannu a katako mai zafi. Iyayenmu mata sun daɗe suna kukan ciwon baya da na ido. Sharaɗin da Uwar ƙungiya ta gindaya mana ke nan tun ranar farko: mace ɗaya ta iya jawo tire cike da tarwaɗa, wuta na ci, ba tare da ta kira yaro ba. Da wannan ma'auni muka auna duk abin da muka yi.

Cikin murhun faɗinsa santimita 120 ne, zurfinsa 90. Mun sa mai walda ya yi firam na ƙarfen kusurwa, wanda suke kira angul, mai inci ɗaya da rabi, aka kafe shi a jikin bango ta dama da hagu. A kansa aka liƙa layuka shida a kowane gefe, tazarar santimita 15 tsakanin layi da layi, kowane tire yana gudu a kan nasa kamar durowar tebur. Katako ya fita daga aikin gaba ɗaya. Birkila ya cike tsagar bangon baya, ya ɗan ɗaga bakin wuta, wannan bai ɗauke shi kwana biyu ba.

Inda muka yi kuskure ya kamata mu faɗa da bakinmu, tunda kuɗin ƙungiya ne. Mai walda ya ba da shawarar a bar sarari sosai tsakanin tire da layinsa. Mu kuma muka ga kamar aikin ganganci zai yi mana, muka nace a matse, don kada tire ya riƙa karkaɗawa. Ya yi yadda muka ce. Ranar da aka kawo, murhu na sanyi, tire na shiga da fita sumul, har muka yi ta yaba kanmu. Washegari aka hura wuta, aka loda kifi. Bayan kamar awa ɗaya aka zo juyawa, tire uku na ƙasa suka ƙi motsi. Sai da aka janye itace, aka jira ƙarfe ya huce, kifin ƙasa kuwa ya riga ya ƙone ta gefe ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi: mita ɗaya na ƙarfe yana ƙara kusan milimita ɗaya da ɗigo biyu idan zafinsa ya hau da digiri 100. Kaɗan ne a ido, amma mu milimita biyu kacal muka bari. Ga shi walda ita ma tana ɗan murɗa firam, ba ya fitowa daidai ɗari bisa ɗari, sannan maiƙon kifi da baƙin hayaƙi suna haɗuwa su zama wani abu mai danƙo kamar kwalta a kan layin. Aka mayar da tire shidan shago, aka rage wa kowanne faɗi, yanzu akwai sararin da ɗan yatsa ƙarami zai shiga a kowane gefe. Mai waldan bai ce mana komai ba, murmushi kawai ya yi, kuɗin sake aiki ma rabi ya karɓa. Allah ya saka masa.

Abu na biyu wata daga cikin iyayenmu ce ta hango shi, ba mu ba. Ta jawo tire ya wuce rabi, sai gabansa ya rinjaya ƙasa, da ba ta tare da gwiwa ba da kifi ya zube a toka. Maganinsa guntun ƙarfe ne aka liƙa a saman kowane layi ta wajen ƙofa, yana danne bayan tire idan an jawo shi, da wani ɗan ƙugiya a ƙarshen tire da ke hana shi ficewa gaba ɗaya. Mai son cire tire don wanki sai ya ɗan ɗaga bakinsa sama, ƙugiyar ta kuɓuce. Mun gwada da buhun yashi mai kilo 20 a kan tire, an jawo shi kashi biyu cikin uku, bai sunkuya ba.

Batun raga shi ya fi jawo mana gardama. Da farko mun sayo mai araha, irin wadda aka shafe da tutiya kamar kwanon rufi. Mai walda ya ƙi taɓa ta. Ya ce farin hayaƙin da take fitarwa a bakin walda yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kuma gaskiyarsa ne. Zafin banda ba ya kai wa ga narkar da tutiya, wadda sai wajen digiri 420 take narkewa, amma gishiri da ruwan kifi suna cin ta a hankali, abin da ya ɓantare kuma a jikin abinci zai tsaya. Muka mayar da ita. Biyu daga cikinmu suka ce a yi duka da ƙarfen da ba ya tsatsa, uku suka ce asusu ba zai ɗauka ba. Aka tsaya a tsakiya: tire biyu na ƙasa, waɗanda suka fi shan zafi da laima, da marar tsatsa aka yi su, huɗun sama da baƙar raga. Waɗannan huɗun an ƙona su a wuta babu kifi, aka goge, aka shafe su da man gyaɗa, aka sake gasawa har suka yi baƙi mai sheƙi. Duk wanda ya wanke su ya busar ya sake shafa mai, in ba haka ba damina ɗaya ta ishe su.

Akwai abin da ba a sa mu ba muka ƙara, muna neman a yafe mana. Faranti ne na ƙarfe, shi ma mai zamewa, tsakanin wuta da tiren ƙarshe, an ɗan karkata shi yadda kitse zai gangara cikin gwangwani a waje. Tarwaɗar kiwo kitse gare ta. Idan ya ɗiga a garwashi wuta tana tashi, kifi ya yi baƙi, kuma wannan hayaƙin na ƙonannen kitse yana ɗauke da sinadaran da ke haddasa ciwon daji. Saboda su ne Tarayyar Turai ta tsaurara ƙa'idarta kan kifin banda tun 2014, murhun zamani na FTT da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta samar a Senegal shi ma da irin wannan faranti yake zuwa. Mu ba Turai muke kai kaya ba, amma 'ya'yanmu ne ke cin kifin. A bandar da aka yi ta ƙarshe da gawayin kirya, tarwaɗa ta fito ja mai kyau, karfasa ma ba ta manne a raga ba.

Rasit na kowane abu yana hannun Ma'aji, zai karanta lissafi a taro mai zuwa. Ragar marar tsatsa da kuɗin walda su suka cinye mafi yawa. Ragowar angul sanda ɗaya da rabi tana sito.

Saura abu ɗaya da ba mu yi ba. Mariƙin tire ƙarfe ne tsirara, yana zafi, yanzu da tsumma ake kamawa. Mun so a sa masa katako, kuɗi suka ƙare. Muna roƙon taro ya amince a sayar da ragowar angul ɗin a biya kafinta. Makullin murhu mun miƙa shi ga Uwar ƙungiya.

Sakataren kwamiti, a madadin mambobi biyar.