Yaron da ya kasa zama kan abu ɗaya, ba bulala yake buƙata ba

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye 'yan uwana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Akwai yaran da yau za su ce ƙwallo suke so, a sai musu but da riga, sati biyu sun watsar sun koma kiwon tantabara, kafin tantabarun su yi ƙwai kuma sai ka ji wai gyaran waya za su koya. Abin da muka saba shi ne a ce yaro ya cika rawar kai, ba shi da alƙibla, a sa bulala a ce dole sai ya tsaya kan abin da ya fara. Ni malamar firamare ce kuma wallahi da yawa cikin irin yaran nan ba iskanci ba ne, wasunsu ADHD gare su, wato larurar da ke hana yaro tattara hankali wuri ɗaya da kuma zama shiru. Bincike ya nuna kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, yawanci ma gadonta ake yi, kuma tana da alaƙa da yadda sinadarin dopamine ke aiki a ƙwaƙwalwa, shi ya sa sabon abu ke jan su sosai amma da ya zama jiya i yau sai ya fita ransu gaba ɗaya.

Akwai wani yaro a ajina da babansa ya kai shi shagon tela lokacin hutu, aka ba shi aikin sa maɓalli daga safe har la'asar, yaro ya dinga guduwa ana kamo shi ana duka. Amma wannan yaron dai in ka ba shi mataccen rediyo zai zauna awa uku ya warware shi ƙusa ƙusa ko abinci bai tunawa. To wa ya ce ba ya iya naci? Zaman maɓallin ne bai dace da shi ba.

Ba wai ina cewa a sakar wa yaro ya yi ta cinye kuɗin iyaye bane, kowa ya san halin da ake ciki. A yi yarjejeniya da shi tun farko, wata ɗaya ko zango ɗaya za ka yi, in ka cika kana da damar canzawa, kuma kar a sai kaya masu tsada sai an ga ya ɗore, a fara da aro. Sannan in ya ce ya daina a tambaye shi dalili, sau da yawa koci ne ke masa tsawa ko yara ke masa dariya ko kuma tsayuwa a layi ana jiran a zo kansa ce ta ishe shi. Michael Phelps na Amurka yana ɗan shekara 9 aka gano yana da ADHD, a aji ya kasa zama, amma a ninƙaya ya ci zinare 23 a gasar Olamfik, saboda wasa ne da jiki ke motsi koyaushe kuma nan take kake ganin sakamakonka.

Kuma dan Allah kar kowa ya yanke wa ɗansa hukunci da kansa, ba duk mai ƙiriniya ke da ADHD ba. Likitoci suna duba ko alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai wata 6, kuma ana ganinsu a gida da makaranta duka. Wanda ke da shakka ya kai yaro asibitin ƙwaƙwalwa kamar na Barnawa a Kaduna ko na Dawanau a Kano a duba shi, zuwa can ba ya nufin ɗanka mahaukaci ne.

Na gode Edita.

Daga wata malamar firamare, Kaduna