Wasiƙa zuwa ga aminina

Assalamu alaikum.

Mutumina, shirun ya yi yawa. Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Tun sunan autanka ba mu ji ɗuriyarka ba, ko sanyin can ne ya daskarar maka da yatsu?

Albishirinka, an ba ni 'yan ajin ƙarshe in koya musu labarin ƙasa. Garin shirya darasi na ci karo da labarin da ya hana ni sakat, na wani lungun teku a Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can kudancin duniya, jikin katangar ƙanƙarar da James Ross, matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, ya gano a 1841.

A Janairun 1908 Shackleton, jagoran wasu masu bincike daga Birtaniya, ya iso da jirginsa Nimrod, ya tarar kifayen wel sun cika wurin suna ta feshin ruwa, sai ya raɗa masa suna Lungun Kifayen Wel. Amma ya ƙi yada zango. Domin a 1902 ya zo nan tare da Scott, wani mai binciken ɗan Birtaniya, har suka tashi balan-balan daga wata 'yar kafa a jikin ƙanƙarar, amma da ya dawo ko alamarta babu, ƙanƙarar ta ɓalle. Wa zai kafa bukka a kan abin da ka iya tafiya da shi cikin dare? Ni ban ga laifinsa ba.

Sai ga Amundsen, mutumin Norwe. Shi zama ya yi ya bi bayanan magabata, ya lura lungun yana nan kusan inda yake tun zamanin Ross. Ya sauka a Janairun 1911 da karnukansa, ya kafa sansanin Framheim, ya isa ƙuryar kudancin duniya ran 14 ga Disamba. Scott bai kai ba sai 17 ga Janairun 1912, kuma bai dawo da rai ba. Wallahi karatun nan na Amundsen ya fi burge ni a kan jarumtarsa, shi nake so yarana su kama.

Af, mai shayinmu ya ƙara aure! Ya ce har yanzu yana bin ka kuɗin ƙwai biyu.

Abin da ya taɓa ni, lungun ma yanzu babu shi. A 1987 wani tsibirin ƙanƙara mai tsawon fiye da kilomita 150 ya ɓalle ya shafe shi.

Don Allah in ka samu babbar taswirar Antaktika ka aiko mini kafin jarrabawa, tamu ta makaranta ta yage. Hajiya tana gaishe ka.

Naka har kullum,
Amininka