Kira ga direbobin da ke shigowa Kamaru daga Najeriya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Garwa, garejina na kusa da babbar hanyar da ta tafi Marwa. Ka taimaka ka isar min da wannan saƙo ga 'yan'uwanmu da ke shigowa da motocinsu daga Yola da Mubi da Maiduguri, don abin da nake gani yana ci min rai.

Da yawa suna zuwa da katin inshorar ECOWAS a aljihu, hankali kwance. Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, 'yan CEMAC ne, wato ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, katin da ke aiki a nan shi ne Carte Rose. Kwanan baya wani dattijo ya zo ɗaurin aure, jandarma suka tsayar da shi, ya wuni a gindin darbejiya yana nuna takardar da ba ta da amfani a ƙasar nan, har aka shafa fatiha ba shi. Don Allah a tsaya a bakin iyaka, a karɓi takardar shigo da mota a wurin duwan, wato jami'an kwastan, a yanki inshora kafin a taka. A ajiye canji kuma, kowace ƙofar harajin hanya dala ɗari ce, wato sefa 500, kuma a riƙe tikitin.

Hannun tuƙi ɗaya muke bi, na dama. Sai dai a mararrabar da ba fitila ba alama, wanda ya ɓullo ta damanka shi ke da hanya, ko da ɗan acaɓa ne da buhun gero a baya. Ba zai ko waiwayo ba, ya san doka tana bayansa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne gangaren dutsen da ke tsakanin Ngawundare da Mbe. A Ngawundare layin dogo ya ƙare, daga nan tireloli ke kwasar kayan Chadi, su gangaro da lodi har wuya. Baƙo sai ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama bai ɗaga ba. Motocin da ake jawo mana daga can, kafin ka kwance taya ƙaurin birki ya bugi hancinka, faifan ya koma shuɗi don zafi. A sa mota a ƙaramin giya, a bar inji ya riƙe ta, kada a yi gigin wuce tirela a kwana.

Mai niyyar Njamena kuwa, daga Mora zuwa Kusiri ta Waza da Dabanga hanya ta sha wuya, ga matsalar tsaro. A tambayi direbobin tasha halin da ake ciki kafin a tashi, a kama hanya da sassafe, da tayar safaya biyu in da hali. In magariba ta riske ka a Mora, kwana a nan.

Wassalam.

Naka,
Wani bakanike,
Garwa, Kamaru