Wasiƙa kan Ida Chagall da akwatin zanen mahaifinta

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma sanyin can bai takura muku ba.

Ka tambaya yadda aka yi zane-zanen Marc Chagall suka tsira daga Yaƙin Duniya na Biyu, alhali shi Bayahude ne, kuma tun 1937 'yan Nazi sun baje aikinsa a Munich cikin abin da suka kira gurɓataccen zane. Kaso mai tsoka na amsar yana wajen 'yarsa Ida, wadda aka haifa a 1916, ita kaɗai ya haifa da matarsa Bella. Shekarunta 25 lokacin da nauyin ya faɗo kanta.

A watan Mayu na 1940 iyalin suka koma Gordes, wani ƙauye a kudancin Faransa. Chagall ya ɗauka takardar zama ɗan ƙasar Faransa da ya samu a 1937 za ta kare shi. Ina! Gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗa kai da 'yan Nazi, ta shiga sake duba irin waɗannan takardu, a watan Oktoba kuma ta kafa dokar ware Yahudawa. Duk da haka dattijon ya yi ta jan ƙafa. Da Varian Fry, Ba'amurken da ke fitar da mutane ta Marseille, ya je masa da maganar tafiya, har tambayarsa ya yi ko akwai shanu a Amurka. Sai da 'yan sanda suka kama shi a wani otal a Marseille a watan Afrilun 1941, Fry ya sa baki aka sake shi, sannan ya gane ba wasa ake ba.

Fita kuwa ba a yin ta da takarda ɗaya. Sai mutum ya samu bizar Amurka, wadda ba a bayarwa sai wani a can ya rantse a rubuce zai ɗauki nauyinsa. Da ita da shaidar tikitin jirgin ruwa zai nemi izinin ratsa Fotugal, Sifen kuma ba ta buga nata hatimi sai ta ga na Fotugal, ga izinin fita daga Faransa yana jiransa. Kowace takarda da wa'adinta. Sau da yawa kafin ta ƙarshe ta fito ta farko ta mutu, sai a koma layi daga tushe. Marc da Bella sun samu sauƙi saboda gayyatar gidan adana zanen zamani na New York: sun bar Marseille a watan Mayu, suka bi ta Lisbon, suka sauka New York a watan Yuni. Ida da mijinta Michel an bar su a baya, daidai lokacin da Amurka ta ƙara tsaurara ba da biza.

Zane-zanen ma a baya aka bar su, domin jami'an kwastan na Sifen sun riƙe su a Madrid. Ida ce ta yi ta bibiya har aka sake su.

Jirgin da Ida da Michel suka samu sunansa Navemar, jirgin dakon kaya na Sifen mai gurbin fasinja 28 kacal. An loda masa 'yan gudun hijira sama da 1,100. A ramukan da ake zuba kaya aka kakkafa gadaje hawa-hawa, ba taga, ba iska, ruwan sha da bandaki ba su wadata ba. Ya tashi daga Seville a farkon Agusta 1941, ya biya ta Lisbon da Bamuda da Habana, bai isa New York ba sai 12 ga Satumba. Zazzaɓi ya ɓarke a hanya, wasu sun rasu aka jefa gawarwakinsu a teku.

A nan ne Ida da Michel suka yi abin da nake ganin shi ne ya ceci kayan. Ba su yarda an saukar da ƙaton akwatin katakon da zane-zanen ke ciki zuwa ramin jirgi ba. A fili saman jirgi suka ajiye shi, su ma nan suka zauna tare da shi, rana da iska duk a kansu.

Wanda bai san zanen fentin mai ba zai ce ganganci ne, ai ƙasa ta fi tsaro. To ga yadda abin yake. Kyallen da ake zane a kai, kafin a ɗora masa fenti ana shafe shi da gam da aka dafa daga fatar dabba. Wannan gam yana shan laima ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, shi kuwa tsohon fenti ba ya motsi tare da shi, sai ya tsattsage ya riƙa ɓarewa. Gam ɗin kuma abinci ne ga fumfuna, wadda ba ta son komai kamar wuri mai ɗumi da danshi inda iska ba ta ratsawa. Ka ƙiyasta ramin jirgi a watan Agusta, an ratsa yankin zafi, ga numfashi da gumin ɗaruruwan mutane. Zanen da aka yi a kan takarda da fentin ruwa, wanda Chagall ya yi da yawa, ya fi saurin lalacewa: takardar ta yi tabo, ta lanƙwashe, launi ya manne wa na kusa da shi. Saman jirgi ma da nasa haɗarin, feshin ruwan gishiri da ruwan sama, amma waɗannan ana iya tare su da rufi muddin akwai mai tsaro a gefe.

Ko naɗe zanen ma da ƙa'ida. In an ciro kyallen daga firam, fuskar fentin waje ake juyawa, a naɗe shi sako-sako a jikin abu mai kauri. In aka naɗe shi ciki kamar tabarma, fentin zai matse ya karye.

Da jirgin ya isa, kayan fasinjojin da suka yi tafiyar a ramin jirgi sun ruɓe, hukuma ta sa aka zubar. Akwatin Ida ya sauka lafiya. Kada dai ka ɗauka duk aikin Chagall na cikinsa, domin da yawa sun rage a Rasha da hannun masu saye a Turai. Shi Navemar kuwa, a watan Janairun 1942 wani jirgin yaƙin Italiya mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya nutsar da shi.

Bella ta rasu a Satumban 1944, Chagall ya yi watanni bai taɓa buroshi ba. Ida ce ta riƙe harkokinsa da dillalai da gidajen tarihi, da hannunta a babban baje kolin aikinsa na New York a 1946 da na Paris a 1947, ita ce kuma ta fassara littafin tarihin ƙuruciyar mahaifiyarta daga Yidish, harshen Yahudawan Gabashin Turai, zuwa Faransanci. Ta rasu a 1994.

Ka gaishe mini da mai ɗaki da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Amininka