Godiya Ga Shagon Gyaran Kwamfuta Na Beirut Road, Kano

Zuwa ga Injiniya da yaran shagonsa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a bainar jama'a domin yaba kyauta tukuici, kuma domin masu kwamfutar tebur su san cewa har yanzu akwai inda ake gano cuta kafin a rubuta magani.

Da kwamfutar nan nake haɗa bidiyon biki, da daddare kuma ni da ƙannena mu buga eFootball ko GTA V. Da farko sai ana tsakiyar gem ta ɗauke ɗif, ta sake tashi da kanta. Daga baya ta ƙi tashi gaba ɗaya: fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin, sai ƙarar "ƙit-ƙit-ƙit" daga cikin akwatin. Wani wuri aka ce mini a yi mata fomatin, wato a goge komai a sake sa Windows, alhali ayyukan mutane na ciki. Wani wurin kuma aka ce katin hoto, wato abin da ke fitar da hoto zuwa sikirin, shi ne ya ƙone, in kawo kuɗin sabo.

Ku ba ku fara da farashi ba. Tambayoyi kuka jero mini: tana mutuwa in ana rubutu ko sai a gem? Tana nuna shuɗin allo kafin ta ɗauke? Kai tsaye take a bango ko akwai sitabilaiza? Sannan kuka saurari ƙarar, kuka ce ai gwajin da madabod, babban allon da ake jona komai a kansa, ke yi wa kayanta ne kafin ta kira Windows, kuma kowane kamfani da irin ƙararsa. Tunda ba ta ma kai ga Windows ba, fomatin ba shi da abin da zai gyara. Wannan magana kaɗai ta kwantar mini da hankali.

A gabana yaronku ya cire komai sai abin da ya zama dole. Ya zare ram ɗin biyu, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ya goge haƙoransu na ruwan zinare da kilina irin ta 'yan makaranta har suka yi ƙyalli, ya mayar da ɗaya shi kaɗai, ya danna har maƙallan suka ce ƙas. Sai ga hoto. Kwanan watan da ta nuna ya koma shekarun baya, kuka canza ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe mata agogo, CR2032, mai bolt 3.

A nan ne wani zai rufe akwati ya miƙo hannu. Ku kuwa kuka ce ƙin tashi daban, mutuwa a gem daban, ba za ku sallame ni da rabin gyara ba. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa nake wannan rubutu. Kuka buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, kuka nuna mini saƙon Kernel-Power 41 jere reras, kuka ce wannan ba ya faɗin mai laifi, yana dai shaida cewa ta mutu ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba. Kuka bar manhajar gwaji ta MemTest86 ta bi ram ɗin, ba ta sami kuskure ba. Sai kuka kunna gem, kuka ɗora mita a kan layin bolt 12 na fawa fak, akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta. Ƙa'ida ta yarda ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, wato kada ya gaza 11.4. Da wasa ya yi zafi, da idona na ga lambar ta zarce ƙasa da haka, kwamfutar ta ɗauke. Katin nawa GTX 1660 Super ne, yana jan wat 125 in ya ɗauki nauyi, kamfaninsa kuma ya ba da shawarar fawa fak mai wat 450. Nawa an rubuta 500 a jikinsa, amma da kuka ɗora mini shi a tafin hannu, kuka ɗora na gwajinku a ɗaya hannun, nauyin kaɗai ya ba da labari. Da naku aka buga gem ɗin har la'asar ba ta ko girgiza ba. Katin da aka ce ya ƙone lafiyarsa ƙalau.

Ƙurar hunturu ma ba ku bar ta ba. An hure ta tas, yaron yana riƙe da fanka kada iska ta juya ta fiye da kima, aka goge busasshen man rage zafi da ke kan furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, aka shafa sabo. Na lura duk abin da zai yi sai kun tambaye shi dalili, in ya amsa daidai ku ce ci gaba. Yaron nan sana'a yake koya, ba aike ba.

Kuka rubuta mini kuɗin fawa fak daban, na batiri daban, na aiki daban, kuka sa mini tsohon a leda. Ba a taɓa fayil ko ɗaya ba, har na kai wa masu biki aikinsu a kan lokaci. UPS ɗin, wato na'urar batiri mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, da kuka ce in saya saboda yawan ɗauke wuta, na saya, kuma zan kawo ta a hure ƙura kafin zafin bazara ya shigo kamar yadda kuka ce.

Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya ƙara basira, ya sa yaran nan su gaje ku.

Naku,
Abokin cinikinku daga Hotoro, Kano