Rahoton ayyukan shekara ga iyayen yara masu ciwon hanta, Damagaram

Assalamu alaikum ƴan'uwa.

Da kuɗin wata zan fara, tunda ni ke yawon karɓarsu. Dala ɗari ce kacal, amma waɗanda suka cika na shekara ko rabinmu ba su kai ba. Na taka Birni, na taka Zango, na hau kabu-kabu har Garin Malam da kuɗin aljihuna, amsar ɗaya ce: maigida ya fita. Wanda kuɗin magani ya cinye masa aljihu, ban ga laifinsa ba. Wanda kullum yake tura hotuna a WhatsApp kuwa, shi ya san inda yake samun na kiredi.

Tarukan wata an yi su, ban da na azumi.

Abin da ya faranta mana rai shi ne zaman 28 ga Yuli, ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya. Hadari ya haɗo tun hantsi, duk da haka tabarmi suka cika, har daga Miriya da Matamaye mata suka zo da goyo. Ana cikin bayanin allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda ake so jariri ya samu cikin awa 24 da haihuwa, sai wata baiwar Allah ta miƙe. Ta ce ɗanta kullum cikin haɓo yake, dasashinsa na jini, amma an yi masa hoton ciki an ce akwai gudan jini a babbar jijiyar da ke kai jini hanta. Ta yaya jinin da ba ya tsayawa zai daskare?

Lokotoron yaran da muka gayyata ya ce: "Hajiya, hanta ita ke yin doki, ita ke yin linzami." Ita ke sarrafa yawancin sinadaran da ke daskarar da jini, ita kuma ke yin masu ja musu birki: furotin C, furotin S da antitirombin. In ta daɗe tana ciwo, duka biyun raguwa suke yi, sai yaro ya zauna a tsakiya, zazzaɓi ko gudawa kaɗan su tura shi ɗaya ɓangaren. Furotin C da S suna buƙatar bitamin K, shi kuma jiki ba ya tsotsarsa sosai in ruwan matsarmama ba ya sauka hanji. Gwajin TP, na auna saurin daskarewar jini, da muka saba biya, ƙarfin dokin kawai yake nunawa. Ya kuma ja kunnenmu kan asfirin da ibuprofen na ƴan tebur. Har magariba ba wanda ya tashi; wani dattijo ma ya sa jikansa ya rubuta sunayen sinadaran birkin uku a bayan takardar magani.

Daga nan muka yi alkawarin auna wa yaranmu waɗannan sinadarai, kuma ba a yi ba. Na ji ana cewa biron ƙungiya ya yi barci. A bari in faɗa: jinin nan a kwalba mai shuɗin murfi ake ɗibarsa, a tace ruwansa da wuri, a ƙanƙarar da shi, ya kuma isa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, bai narke ba. Da wace firiza, ga wuta tana ɗaukewa? Kuɗin sayenta suna cikin bashin da ake bin ku. Sannan sakamakon yaro ba a auna shi da ma'aunin babba, domin ƙananan yara dama nasu bai kai na manya ba, dole sai lokotoro ya zauna ya karanta. Shi ya yarda, kyauta ma.

Asusun kuɗin mota na masu zuwa daga ƙauye ma ya tsaya tun kaka, dalilin ɗaya ne.

Taro na gaba Asabar ta farkon wata, bayan la'asar, inda muka saba. Kowa ya zo da katinsa. Littafin kuɗi zai kasance a buɗe bisa tabarma, kuma ranar za a zaɓi wanda zai karɓe ni wannan yawon.

Sakatare