Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Game da Dashen Inabi a Ƙasar Laka

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyalinka da yara, mu ma nan gida Zariya lafiya muke, mahaifiyarka tana gaishe ku. Saƙonka ya iso ni cewa ka samo dashen inabi daga Kudan, kana kuma shirin haƙa masa rami mai zurfi a bayan gida ka cika shi da yashi da taki. Na yi murna da wannan niyya, domin mutanen Kudan sun riga sun nuna cewa inabi yana yi a ƙasarmu. Amma ina roƙonka ka ajiye diga tukuna har ka gama karanta wannan wasiƙa, saboda abin da kake shirin yi shi ne ainihin abin da ya kashe inabina na farko.

Na ga ƙasar gidanka lokacin da ake haƙa harsashin gini. Tsohuwar fadama ce, laka ce mai danƙo wadda take kama takalmi da damina, ta kuma tsattsage da bazara har yatsa ya shiga. Irin wannan ƙasa ba matalauciya ba ce, tana ma riƙe abincin shuka fiye da jigawa. Aibinta shi ne ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, suna manne da juna, ruwa ba ya ratsa su sai a hankali. Saiwar inabi kuwa tana buƙatar iska a cikin ƙasa kamar yadda take buƙatar ruwa, kuma itace ne da yake jure ƙishi fiye da yadda yake jure jiƙa. Idan ruwa ya kwanta a gindinsa kwanaki a jere, ƙananan saiwoyin da suke ciyar da shi sai su ruɓe.

Ka tuna da me ake ginin tukunya. Idan ka haƙa rami a cikin laka, shebur ya goge bangonsa ya yi sumul, sannan ka zuba masa yashi da taki, to randa ka gina a cikin ƙasa, ka kuma dasa inabinka a cikinta. Ruwan da ya sauka a kewaye zai gangaro cikin wannan ƙasa mai laushi, ya rasa mafita. Haka na yi shekarun baya. Itacen ya yi toho mai kyau duk tsawon rani, ina ta nuna wa baƙi, amma da marka ta kankama a watan Agusta sai ganyen ya soma yin rawaya yana yaushi. Na ɗauka yunwa ce, na ƙara masa taki. Ranar da na tone shi, saiwar ta yi baƙi tana wari, ramin kuma cike yake da ruwa. Har yau ina jin zafin wannan asara, domin da hannuna na yi ta.

Saboda haka ka fara gwada wurin. Ka haƙa ɗan rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, sannan ka sake cikawa ka duba lokaci. Idan ruwan na biyu ya shanye cikin 'yan awoyi, ƙasar tana da dama. Idan ka wayi gari ka same shi yana nan bayan awa 24, to kada ka sa inabi a ƙasa da doron ƙasar wurin ko kaɗan. Ka kuma guji kusurwar da indararo yake zubar da ruwa, da hanyar ruwan wanke-wanke. Ka zaɓi inda ya fi tudu a gidan, inda rana take bugawa tun safe har la'asar.

Maganin laka shi ne a ɗaga itacen sama. Ka sassauta ƙasar wurin da diga, faɗin kamar mita ɗaya da rabi, ba tare da ka zurfafa sosai ba, ka farfasa hogen, ka gauraya ta da takin shanu wanda ya ruɓe ya huce, da ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa da ya kwana biyu. Daga nan ka tara ta ta zama tsibi mai faɗi, tsayin santimita 30 zuwa 40, kamar na doya amma mai shimfiɗaɗɗen kai. A kan wannan tsibi za ka dasa, ka kuma ja 'yar magudana daga gefensa zuwa inda ruwan gidan yake fita. Yashi kuwa ka bar shi. Buhu ɗaya ko biyu a cikin laka ba sa sassauta ta, sai dai su ƙara mata tauri idan ta bushe. Kada kuma ka yi wannan aiki ƙasa tana jiƙe sharkaf, domin laka idan aka tattaka ta tana da ruwa takan dunƙule ta zama kamar tubali. Ka damƙi kaɗan a hannunka. Idan ta marmashe da ka matsa ta, lokacin aiki ya yi.

Game da lokaci, shawarata ita ce ka bar dashen a cikin ledarsa a wuri mai ɗan inuwa har ruwa ya ɗauke a watan Oktoba. Idan ka dasa da kaka kana yi masa ban-ruwa, zai sami wata bakwai ko fiye yana kafa saiwa kafin damina ta dawo ta gwada shi.

Ranar dashe, ka yanke ledar da reza maimakon ka fizgo itacen, kuma idan saiwar ta nannaɗe a ƙasan leda ka warware ta a hankali. Kada ka binne shi fiye da inda ƙasar ledar ta tsaya. Idan mai aure ne, wato wanda aka haɗa reshen wani iri a kan gindin wani, mahaɗin ya kasance a sarari, kamar yatsu huɗu sama da ƙasa. Ka danna ƙasar da tafin hannu, ban da diddige, ka shayar da shi sosai sau ɗaya. Takin zamani da ɗanyen kashin kaji kada su kusanci saiwar a wannan lokaci, domin suna ƙona ta.

Abin da na fi ji maka tsoro bayan haka shi ne yawan ban-ruwa, musamman da yake yara za su so su riƙa zuba masa safe da yamma. Saman laka yakan bushe ya yi fari alhali cikinta a jiƙe yake. Ka koya musu su tura yatsa cikin ƙasar. Idan sun ji danshi, a bar shi sai wani jiƙon. Ka rufe tsibin da busasshiyar ciyawa don kada ya tsage, amma ka bar tazara tsakaninta da jikin itacen saboda gara, ka kuma kewaye shi da ƙaya ko waya saboda awaki.

A shekarar farko ba 'ya'ya muke nema ba, gangar jiki muke nema. Ka kafa masa sanda, ka zaɓi reshe ɗaya mafi ƙarfi ka riƙa ɗaure shi sako-sako da tsumma yana hawa, sauran kuma ka cire su tun suna ƙanana, har ya kai rumfar da za ka yi masa, wadda ya kamata tsayinta ya kai mita 2 don iska ta riƙa ratsawa. Idan ya fitar da fure a wannan shekara ka tsinke shi, ko da zuciyarka ba ta so, domin ƙaramin itacen da aka bari ya ɗauki nono yakan tsumbure. Da damina ka riƙa juya ganyen kana duba bayansa, saboda funfuna takan kama shi idan laima ta yi yawa. Maganar datsa rassa don ya yi 'ya'ya da rani, wannan sai na zo da kaina, domin aiki ne da ake koya da ido.

Na sa ƙanenka ya tara maka ɓuntu daga wurin masu injin casar shinkafa, kuma akwai tsohon taki a garken baffanka wanda ya shekara. Ka yi gwajin ruwan nan a wannan mako, ka sanar da ni awa nawa ya ɗauka kafin ya shanye, don in san yawan buhunan da zan aiko maka. Ka shafa mini kan jikokina. Allah ya yi maka albarka, ya sa ku ci 'ya'yansa cikin ƙoshin lafiya.

Mahaifinka.